Ranar da Na Sauke Mai Ido Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Hoto ta Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, Alhaji Tanko Kabo. Babban baƙonmu, sabon kansilanmu, Alhaji Junaidu, Allah ya taya ka riƙo. Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka. Limaminmu Malam Suhaibu, Allah ya gafarta Malam. Sakataren ƙungiya, Ekene, wanda ba ya gajiya da rubuta abin da muka faɗa ko da babu ma'ana a ciki. 'Yan'uwana masu hoto, Musulminku da Kiristanku, masu shago da masu yawo a kan babur Basfa. Da ku da kuka tsaya ta taga saboda ajin nan ya yi mana kaɗan: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya kawo mu taron bana da rai. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake minti biyar ya ce, kuma shi ma ya san ba zan tsaya a nan ba. Ina godiya ga wanda ya miƙo mini kujera, amma a mayar da ita. Maganar da na zo da ita ba ta zaune ba ce.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ƙasimu, Ƙasimu Mai Hoto. Ban yi boko ba, ba ni da takarda a hannu, ko an ba ni ba zan san samanta da ƙasanta ba. Abin da zan faɗa a kaina yake, kuma kan nan ya gaji, don haka a yi haƙuri da ni in na yi tuntuɓe.

Magana ta farko ita ce wannan abin da ke rataye a wuyana. Tun da na shigo nake ganin ana taɓa juna ana nuna shi da baki. Ku daina ɓoyewa, ku dube shi da kyau. E, ƙaramar kyamara ce. E, Olimfos ce, ba Yashika ba. E, ni ne, Ƙasimun da kuka sani, wanda ya yi shekara talatin da shida yana cewa duk kyamarar da za ta shiga aljihun riga ba kayan sana'a ba ce, kayan wasa ce. Ba aro na yi ba, ba riƙe wa wani na yi ba. Tawa ce.

Kafin in faɗi dalili, bari in gaya wa matasanmu abin da na sauke, domin da yawansu sun gan shi a kafaɗata ne kawai, ba su taɓa ɗaga shi ba. Akwai ita kanta Yashikar, mai ido biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Akwai ƙafa uku ta katako da ƙarfe. Akwai fitilar walƙiya mai kai kamar faranti, da batirinta da ake ratayawa daban, wanda nauyinsa ya kai na bulo. Akwai jakar fata cike da fim, domin kowane fim hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka. Wata rana wani mahauci a Kasuwar Tarauni ya ce in ɗora su a ma'auninsa don wasa. Ya duba ya ce, "Baba, ai ɗan akuya kake yawo da shi." Na ce masa, "Ɗan akuyan nan ya fi ka sanin manyan garin nan." Aka yi dariya, na saɓa kayana na wuce. A lokacin ina ganin nauyin shi ne martabar.

A wurin Oluwole na koyi aikin nan, wani Bayarabe mai shago a Sabon Gari, Allah ya saka masa. Dako nake yi a tashar jirgin ƙasa, da aurena, ya ga ina iya kaya, ya ce in riƙa ɗaukar masa akwatinsa. Ranar da ya fara miƙo mini mai ido biyu, abin da ya ce shi ne, "Ƙasimu, wannan ba a ɗaga ta sama. A ciki ake riƙe ta, kai ne za ka sunkuya mata." Wanda bai sani ba, ita ta sama ake leƙa ta. Ka rataye ta daidai cibiyarka, ka buɗe murfinta, ka sunkuyar da kai, sai ka ga mutumin da ke gabanka a cikin ɗan gilashi. Wato duk wanda na ɗauka a rayuwata, kaina a ƙasa na ɗauke shi.

Jama'a, wannan sunkuyon shi ya buɗe mini ƙofofin da ba su buɗe wa kowa ba. Malamin da ba ya son hoto, in ya ga na rusuna a gabansa ban zuba masa ido ba, sai ya gyara rawani ya ce, "To yi sauri." Maigidan da ba ya yarda namiji ya dubi iyalinsa, sai ya ce, "Ƙasimu ya shigo, shi ƙasa yake kallo." Da haka na ɗauki Gyaɗi-Gyaɗi tun tana da gonaki a bayanta. Da haka na ɗauki shekarar da aka canza hannun tuƙi, da shekarar da aka canza kuɗi. Sau biyu ke nan ina ganin soja ya koma bariki, masu babbar riga sun dawo kan kujera, wancan karon shekara ashirin baya da kuma wannan. Mai kaki ya zo, in sunkuya. Mai riga ya zo, in sunkuya. Su suna cikin rumfa, ni ina rana. Nagatif ɗinsu, wato fim ɗin da na wanke, duka yana cikin akwatunan ƙarfe a ɗakina, ba rubutu a jiki, amma ka faɗa mini shekara da gida, in sa hannu in zaro maka. Wasu da ke zaune a nan, hoton ubanninsu babu shi a ko'ina a duniya sai a ƙarƙashin gadona.

Na gaji, jama'a. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ina rufewa da babbar riga. Shekara huɗu ke nan kullum na dawo gida sai uwargidana Asabe ta gasa mini kafaɗa da ruwan zafi ta shafa man zafi. Tana yi tana cewa, "Malam, jakin Kasuwar Tarauni ma ana sauke masa kaya ranar Juma'a." In ce mata, "Shi jaki ba shi da hatimi." Ta ce, "To hatimin ya tashi ya gasa maka." Likita ma ya gaya mini ƙashin wuyana ya goge, in daina rataya. Na ce masa to. Na fito na rataya.

Magana ta biyu ita ce doka ta bakwai. Sakatare, ba sai ka buɗe littafi ba, ni na faɗe ta aka rubuta, kuma har yau tana bakina: "Babu wanda za a ba wa bajon ƙungiya, ko a bar shi ya shiga cikin igiya a wurin taro, sai mai aiki da babbar kyamara." Shekara goma sha huɗu ke nan da kafa ta. Lokacin ƙananan nan suka fara cika gari, kowa ya samu ɗaya sai ya wayi gari mai hoto, ana ta kawo wa mutane hotuna babu kai babu ƙafa. Na ce a kare sana'a. Aka tafa mini. Ban ce niyyata mugunta ce ba, amma ku saurari abin da dokar ta yi.

Akwai wani mutum, Isyaku, duk kun san shi. Yana da ɗan teburi a titin Gidan Zu, magidanci ne da 'ya'ya biyar, kuma shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya. Sau huɗu a cikin shekara tara Isyaku yana neman shiga wannan ƙungiya, sau huɗu ina miƙewa in hana. Karo na ƙarshe har shagona ya same ni. Ya jingine sandarsa, ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ba raini ba ne ya sa na riƙe ƙarama. Hannu ɗaya nake da shi na aiki, ɗayan na sanda ne. In na ɗauki irin kayanka, da me zan tsaya?" Ku ji amsar da na ba shi, da wannan bakin. Na ce, "Wanda ba ya iya ɗaukar kayan sana'a, bai iya sana'a ba." Ya ɗauki sandarsa ya ce, "A huta lafiya, Baba." Ni kuwa na ci gaba da goge gilashina, ina jin na yi maganar manya.

Tun daga ranar, duk taron da za a yi, mu muna cikin igiya da bajo a ƙirji, Isyaku yana bayanta tare da masu sayar da rake.

Magana ta uku, ranka ya daɗe Kansila, taka ce. Ka yi haƙuri da abin da za ka ji, kuma ka yi haƙuri da na zaɓi gaban mutane. Na gwada zuwa gidanka sau biyu, ina kaiwa bakin layi sai ƙafata ta juya.

Jama'a sun san walimar da aka yi a unguwar Babban Giji da farkon damina, bayan an rantsar da kansiloli. Sun kuma san mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, Allah ya ji ƙanta. Ni na ɗauki hoton sunan Alhaji Junaidu, tana riƙe da shi a cikin zanen saƙi, ta rufe rabin fuskarta don kunyar ɗan fari. Ranar walima, bayan manyan baƙi sun gama magana, aka fito da ita a kan kujera, ta hango ni ta ce, "Ƙasimu, har yanzu kana nan da akwatin nan naka? Kai ba ka tsufa ne?" Na ce, "Hajiya, ke nake jira ki fara." Ta yi dariya ta ce, "To matso. Ka ɗauke ni da shi yana tsumma, ka ɗauke ni da shi yau. Daga wannan ba na ƙara zama wa kowa."

Sai Alhaji Junaidu ya cire hularsa a gaban duk jama'ar nan, ya durƙusa. Ita kuma ta miƙe da kanta, ba wanda ya riƙe ta, ta ɗora hannunta a kansa. Tun safe nake tsaye da kaya a wuya, saura hoto ɗaya a fim ɗina, sauran goma sha ɗayan na ƙarar da su a kan masu jawabi. Na sunkuya kamar yadda na saba. Ina sunkuyawa wani abu ya tsarga mini daga wuya har yatsu, kamar an soka mini allurar ɗinkin buhu. Hannun dama ya mutu. Idona ya yi duhu. Na danna, amma jikina rawa yake. Da na ɗago, ta riga ta zauna.

Na wanke fim ɗin washegari. Hayaƙi ne kawai, fari a kan fari, ba ka gane uwa ba ka gane ɗa. Kwana goma sha tara bayan haka Allah ya yi wa Hajiya rasuwa.

Ranka ya daɗe, bayan addu'ar bakwai ka zo shagona da kanka, ka ce, "Baba, hoton Hajiya." Na ce maka ana kan wankewa. Ka sake dawowa, na ce maka takarda ce ta yanke a gari. Ƙarya na yi maka sau biyun, da furfurata.

Sai wata rana da hantsi na ji ƙarar sanda a bakin shago. Isyaku ne, da ambulan a hannu. Ya ce, "Baba, ina bayan igiya ranar, na ga lokacin da hannunka ya sauka." Ya zaro hoto ya ajiye a gabana. Ashe daga can baya, a jingine da turken rumfa, ya ɗaga 'yar kyamararsa sama da kawunan mutane da hannu ɗaya ya danna. Ga Hajiya a tsaye. Ga hannunta a kan ɗanta. Har ƙwallar da ke gefen idonta ta fito. Na daɗe ina kallo ina neman aibu, wallahi na nema, ban samu ba.

Ya ce, "Baba, ka buga hatiminka a baya ka kai masa. Kai ta kira, ba ni ba. Ba wanda zai ji daga bakina." Na ce, "Don me za ka yi mini haka bayan abin da na gaya maka?" Ya ce, "Hoton babana yana cikin akwatinka. Ba na son a ce mai akwatin ya ji kunya."

Ya kamata a ce na ƙi. Ban ƙi ba. Na ɗauko hatimina, na hura masa iska, na buga. Ranka ya daɗe, hoton da ke rataye a zaurenka, wanda ka rungume ni a kansa har ka ce Allah ya yi wa hannuna albarka, ka juya bayansa za ka ga sunana. Sunan nawa ne, hoton ba nawa ba ne. Addu'ar da ka yi mini, wata huɗu ke nan ina riƙe da ita, kuma ta fi batirin nan nauyi. Na kawo ta yau a mayar wa mai ita.

A ba ni ruwa kaɗan. Madalla.

Magana ta huɗu ita ce yadda na koma ɗan koyo da tsufana. Mako guda bayan nan na je shagon Ekene, na tsaya ina duba kanta kamar wanda ya zo sayen batir. Ya ce, "Baba, me za a kawo?" Na ce, "Wani abokina ne yake neman mara nauyi." Ya dube ni ya dubi kafaɗata, ya ce, "Abokin naka, Baba, shi ma wuyansa a karkace yake kamar naka?" Na ce, "Kai dai kawo, ba surutu na zo ji ba." Ya jera mini kala uku. Ban tambayi wadda ta fi suna ba, ban tambayi wadda manya ke riƙewa ba. Na ɗaga kowace da hannun da ya mutu, wadda hannun ya yarda da ita, ita na ɗauka.

Amma kada wani ya ce muku canza kamfani kamar canza hula ne. Fim ɗinsu daban, fitilarsu daban, ko madaurin wannan ba ya shiga kunnen waccan. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar wahalar tana cikin hannu. A cikin gilashin mai ido biyu, komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Shekara talatin da shida hannuna ya saba, in mutum ya yi nan a gilashi, ni in yi can. Ita kuwa wannan gaskiya take nunawa, amma hannun ya ƙi yarda. Sunan farko da na je da ita a Ƙauyen Alu, duk lokacin da na so in gyara, sai in ƙara kaucewa. Da aka wanke, ragon suna ya fito tsaf sau biyar, har da igiyarsa, uban jariri kuwa kunnensa kawai aka samu. Mutumin ya duba ya ce, "Baba, ai shi ragon mun riga mun cinye shi, gara da ka ajiye mana tarihinsa." Ku yi dariyarku, ni ma na yi, amma sai da na isa gida.

Wa ya gyara mini hannu? Isyaku. Kullum bayan la'asar in je teburinsa, ya sa ni in bi masu keke da ido ɗaya, daga wannan kwanar titi zuwa waccan, babu fim a ciki. Ya ce, "Baba, bi shi, kada ka guje shi." Mutumin da na ce bai iya sana'a ba.

Sauran abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Allah ya gafarta Malam, ka ba ni izini in faɗa, tunda kana nan. Ranar saukar karatun ɗalibanka na zo, na tsaya a gabanka tsaye ƙiƙam, na ɗaga wannan zuwa fuskata, na kanne ido ɗaya. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata. Ƙasimu, yaushe ka fara kanne wa manya ido? Kuma mene ne wannan ka saita ni da shi? Ai an ce sojan sun tafi." Jama'a suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni. Domin gaskiya ya faɗa. Ladabina duka a cikin tsohuwar kyamarar yake, ita ke sunkuyar da ni. Na sauke ta, ashe na sauke har da ladabin.

Kwana uku ban fita aiki ba. A rana ta huɗu ina alwala, na tsuguna na miƙe ba tare da na dafa bango ba, sai abin ya faɗo mini. Da wancan kayan, in na durƙusa sai an ɗaga ni, shi ya sa kai kaɗai nake sunkuyarwa. Yanzu ba komai a kafaɗata. Na koma wurin Malam, na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na gaishe shi, daga nan ƙasan na ɗaga kyamarar. Ya dube ni ya gyara rawani ya ce, "To yi sauri." Jama'a, shekara nawa rabona da jin daɗin magana irin wannan. Tun daga ranar haka nake aiki. Babba in durƙusa masa, mace in nemi izini in kau da kai sai lokacin dannawa. Gwiwa tana ƙara, amma tana miƙewa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Ƙasimu ya ce ƙarama ta fi babba. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba har a mayar da ni ƙasa. Ka wanke hoton mai ido biyu ka faɗaɗa shi kamar ƙofa, za ka ƙirga zaren hular mutum. Wannan ba ta kai nan ba. Tsohuwar tana nan a gida, na naɗe ta a cikin rawani, Ekene ya yi ta roƙo in bar masa ita a kantar shagonsa, na ce ko gilashinta ba zai gani ba. Amma na koyi abu ɗaya a Babban Giji: kyamarar da ta fi kowace kyau ta ba ni hayaƙi, domin mai riƙe da ita ya kasa. Hajiya Kubura ba ta miƙe sau biyu ba.

Magana ta biyar, kuma ta ƙarshe, ita ce roƙona. Bisa doka ta bakwai, yau ni ba ɗan wannan ƙungiya ba ne. Shugaba ya san da haka. Shekaranjiya ya same ni a gida, Allah ya saka masa da alheri, ya ce, "Baba, kada ka tayar da maganar nan. Za mu ce saboda shekarunka an yi maka rangwame, ka riƙe bajonka, ba wanda zai yi magana." Alhaji Tanko, na gode, amma ban karɓa ba. Wuyana ya yi ciwo shekara huɗu, a yi mini rangwame. Ƙafar Isyaku tun yana shekara uku take haka, ba a yi masa ba, domin ni na hana. In na karɓa, na sake buga hatimina a kan abin da ba nawa ba.

Saboda haka abu biyu ne a gabanku, babu na uku. Ko a soke doka ta bakwai yau, kafin a tashi, a auna mutum da hoton da ya kawo, ba da kayan da ya saɓa ba; ko kuwa a bar ta, a goge sunana daga littafi, in koma bayan igiya. Na san akwai masu tsoron in aka buɗe ƙofa kowa zai shigo. Tsoronku nawa ne, ni na koya muku shi. Ku kafa mutum uku masu ido, duk mai son shiga ya kawo hoto goma a baje a tebur. Wanda ya yanke kan ango a kore shi, ko da raƙumi ya ɗauko kayansa. In kun ga dama ku fara da ni, amma a bar maganar ragon nan.

Kada ku ɗauka abin nan ba ya yi mini zafi. Ni na je na karɓo bajon farko na wannan ƙungiya daga wurin maƙeri. Ban san wani aiki ba, ban san wasu mutane ba sai ku. In kuka goge ni, gobe da safe ban san inda zan nufa ba. Amma an ce yanzu zamanin ƙuri'a ne, kowa ya ɗaga hannunsa a ƙirga. To ku ɗaga, ni ba zan ɗaga ba, kuma ba zan tsaya ina kallon fuskokinku ba, don kada wani ya ji nauyina. Na sa mutane sun ji nauyi ya isa haka.

Ga bajon. Sakatare, karɓi, ajiye shi a kan littafin.

Isyaku yana waje. Ni na ce ya zo, bai san dalili ba, kuma ban ce ya shigo ba domin doka ba ta ba shi dama ba. Yana kan benci a gindin dalbejiyar can, daga nan ina hango sandarsa. Ranka ya daɗe Kansila, in ka fito, shi za ka nema, ba ni ba. Ni ma can zan je in zauna kusa da shi. In kun gama, a aiko mutum ɗaya. In mu biyu za a kira, mu shigo tare, ni da durƙusona shi da sandarsa, mu ɗauki hoton taron bana. In kuwa ba za a kira mu ba, kada a wahalar da ɗan aike, benci ya ishe mu, kuma daga bayan igiya ma na ga ana samun hoto.

Allah ya ji ƙan Hajiya Kubura, ya haskaka kabarinta, ya ji ƙan duk waɗanda fuskokinsu ke cikin akwatunana. Allah ya ba Kansila ikon riƙe amana, ya sa hannun da aka ɗora masa a ka ya zame masa tsari. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa wannan mulkin ya daɗe fiye da na baya, kada in sake ɗaukar hoton kaki a kan kujera. Allah ya yi wa sana'armu albarka, ya ba masu ciwo lafiya, ya sauƙaƙa wa kowa abin da ya saɓa a kafaɗa. Wanda na ɓata wa a cikin shekarun nan, da baki ko da doka, ya yafe mini. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A buɗe mini hanya in wuce. Na gode.